Tokar Inna a Bushe

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, ni kuma ba na cikin masu yin sa. Likita ne ya hana ni. Tun da aka ɗora ni a kan maganin hawan jini bakina ya daina kawo yawu. Nakan farka harshena a manne da ganɗa, sai na kurɓi ruwa kafin in iya yin salati. Jikata Rabi, wadda nake zaune a wurinta nan cikin Kiru, ta ajiye mini gorar ruwa a gefen katifa tana ta lallashina, wai kada in damu, likita ya ce bushewar baki ciwo ne sananne, tsofaffi da yawa suna fama da shi. Na ce mata na riga likitan saninsa. Na san shi tun ba a haifi uban likitan ba, sai dai a lokacin ba mu san ciwo ba ne.

Sau biyu ke nan azumi yana zagayowa cikin bazara tun bayan wanda zan ba da labari. A lokacin Turawa suna nan ba su tafi ba, ni kuma ina shekarata ta farko a gidan miji, a wani ƙauye tsakanin Kiru da Bebeji. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa, wadda duk ƙauyen suke kira Inna. Ita ce take karɓar haihuwa, ita ce kuma take wanke mata in sun rasu. Ba a ba kowa wannan aikin. Sai macen da aka yarda da sallarta da tsarkinta, wadda za ta ga tsiraicin mamaciya ta mutu da abin da ta gani a cikinta. Inna ba ta da zinari, ba ta da shanu. Wannan yardar ita ce dukiyarta.

Daminar da ta wuce ruwa ya yi yawa. Gero ya kwanta ya ruɓe a gona, dawa ba ta yi abin kirki ba. Kafin watan azumi ya tsaya an fara ganin gindin rumbu. Muka koma haɗa dawa da dusa, muna cika ciki da garin ɗorawa. Ga zafi. Tun da hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, iska in ta taso da ɗuminta take zuwa, kaji su buɗe baki su lafe a gindin randa. Rijiyar unguwarmu ta ƙafe. Kullum da yamma hadari yakan haɗu a gabas, mu yi ta kallonsa, ya yi ruguginsa ya watse.

Kwanakin duk iri ɗaya ne. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo da miyar kuka. Ana idar da sallar asuba maza su tafi sharar gona da kai taki a kan jakuna, mu kuma mu ɗauki tuluna mu nufi rafi, inda babu ruwa sai rairayi. Sai an tona rami ya kai ƙugu, sannan a tsuguna a ciki ana jiran ruwa ya tsattsafo, ana kwasa da ƙoƙo. In mun dawo mu yi daka. Daga azahar kuwa matan unguwa sukan taru a gidanmu, a inuwar wata ceɗiya da ke tsakar gida, kowa da audugarta da mazarinta, ana kaɗi har la'asar.

A nan abin ya samo asali. Mu mata a wancan lokacin, haɗiye yawu da azumi daidai yake a wurinmu da kurɓar ruwa. Haka muka tashi muka tarar, ba wadda ta taɓa tambayar dalili. Wuni ake yi ana tofarwa, wadda ta fi yawan tofarwa kuma ita ake gani ta fi tsare azuminta. Inna mace ce mai tsabta, ba ta yarda a ɓata mata tsakar gida. Saboda haka ta tanadar wa kowace mace tsingaro, fasasshiyar tukunya, da toka a ciki, a nan za ki tofa. Da yamma ni amarya ni ce mai kwashe su, in zubar a bayan gida in sake zuba sabuwar toka.

Tun daren uku ga wata na lura. Tokar kowa takan jiƙe ta dunƙule, har ƙyama nake ji. Ta Inna kuwa yadda na zuba ta haka nake ɗauke ta, a bushe.

Akwai abubuwan da ya kamata su sa in yi tunani. Inna ba ta cin goro, alhali tsofaffin ƙauyen ba wadda ba ta ci. Kowace loma sai ta bi ta da ruwa. Haƙoranta na gaba duk sun karye sun yi baƙi. Magana in ta yi guda biyar ta tsaya, idanunta kullum ja tana murza su. Ni duk na ɗauka miskilanci ne da tsufa. Tsakanina da ita kuma akwai kunya irin ta surukai. Ba na kallon fuskarta, ba na cin abinci a gabanta, in ta yi magana kaina a ƙasa nake amsawa. Mutumin da ba ki iya kallon idonsa ba, ina za ki tambaye shi abin da ke cikin bakinsa.

Ran tara ga wata da rana tsaka na zagaya bayan rumbu ɗebo kara. Sai na gan ta a tsugune ta ba ni baya, da shantali a gabanta da ɗan tsumma. Ta tsoma tsumman a ruwa, ta tura a baki, ta goga dama ta goga hagu, ta fitar ta matse a ƙasa. Ta sake. Ban ga ta haɗiye ba. Iyakar abin da na gani ke nan, na ja da baya a hankali ba ta san na zo ba.

Da safen ranar ta yi mini faɗa don na yi tuntuɓe na zubar da rabin tulu. Faɗan bai fi kalma huɗu ba, amma ya zauna mini. Ina tafe maƙogwarona kamar an cusa ƙaiƙayi, ina ce wa raina, ashe mai yi mini faɗan ruwa tana da nata a bayan rumbu. Haushi na ji, ba zan ɓoye ba. Har da wani ɗan daɗi, irin na wadda ta kama babba da laifi.

Washegari a rafi muka haɗa rami da Baraka, maƙwabciyarmu. Ta girme ni da kamar shekara goma, mace mai fara'a, mai son jin abin da ke tukunyar kowa. Muna tsugune muna jiran ruwa ta dube ni.

"Amarya, kin rame fa. Ko surukar taki ce take ba ki wuya?"

"Wa bai rame ba, Yaya Baraka? Sai dai mai dabara."

"Dabara kamar yaya?"

Da na yi shiru a nan da shi ke nan. Amma ni tun ina yarinya bakina ya fi hankalina sauri. Na ce, "Ke dai in an zauna kaɗi yau, ki duba tsingaron kowa." Ta ƙara matsowa, na ƙarasa mata da zancen tsumma.

Ta riƙe haɓa. "Inna? Mai wanke mana gawa?"

"Ni dai ban ce komai ba."

"Ai ba ki ce ba," in ji ta, ta ci gaba da kwasar ruwanta.

Ba a yi kwana uku ba na ga sauyi a gindin ceɗiya. Ana kaɗi, idanu suna satar kallon gefen Inna. Mata suka ƙara yawan tofarwa, har da gyaran murya, kowace tana nuna nata azumin. Inna ba ta gane ba. Tana zaune tana murza mazarinta, tokarta a gefenta.

A tsakiyar watan azumin, ciwon sanƙarau ya ɗauke Hansatu, matar maƙerin ƙauyen, mai 'ya'ya huɗu. Da hantsi muka ji koke-koke. Inna ta ajiye kaɗi, ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙwaryarta ta wanka da soso da ganyen magarya, ta ƙulle su a zane, ta yafa mayafi ta zauna a bakin ƙofa tana jiran ɗan aike. Shekara ashirin ba a taɓa yin mutuwar mace a ƙauyen ba a zo mata ba. Inuwar katanga ta janye daga kanta, rana ta hau ƙafafunta, ba ta gusa ba. Sai wajen azahar muka ga an wuce ta ƙofar gida da wata tsohuwa a kan jaki, an ɗauko ta daga ƙauyen gaba.

Inna ta tashi da ƙullinta ta bi bayansu. Ba ta daɗe ba ta dawo. Daga baya na ji yadda aka yi. Baraka ce ta tare ta a zaure, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri ki koma ki huta. Dangin mamaciya sun ce mai azumi suke so ta wanke ta. Mu ma ba mu so jin zancen ba, daga cikin gidanki ya fito."

Da ta shigo ba ta dube ni ba. Ta rataye ƙullin a jikin bango yadda yake. Sannan ta shiga ɗakinta ta mirgino randarta waje, ita kaɗai, ta fito da shantalin ta ajiye a tsakar gida inda kowa zai gani. Ta jawo tabarma zuwa gindin ceɗiya. Daga wannan rana, tun asuba har faɗuwar rana a nan take, a idon duk mai shiga da fita. In za ta yi alwala a nan za ta yi, ta wanke hannu ta tsallake baki ta tafi fuska. Wani lokaci sai in ga ta ɗauki tsingaron ta kai bakinta, ta yi ta kakari, kafaɗunta suna motsi, ta mayar da shi ta ajiye babu komai.

Tsumman nan ashe shi yake riƙe da ita. Da ta bar shi, cikin kwana huɗu leɓɓanta suka tsage, harshenta ya dare, wani farin abu ya rufe shi. In an sha ruwa sai ta kasa cin komai. Lomar tuwo takan zauna a kuncinta ta ƙi wucewa, sai ta sa yatsa ta fito da ita. Garin ɗorawa kuwa ko kusa. Kunun tsamiya in ya taɓa gyambon sai ta runtse ido, jikinta ya ɗauki rawa. Ruwa zalla ma da ƙyar take haɗiyar 'yan kurɓi. Ta wuni ba ta sha ba, ta kwana ba ta ci ba, gari ya waye ta ɗaura niyya.

Akwai wata tsohuwar Bafilatana mai kawo mana nono, wadda ba ta bi shanu kudu wajen Falgore ba a shekarar. Ita ce mutum ta farko da ta yi abin da ya kamata mu yi tun farko. Ta zo gab da magariba, ta sauke ƙwarya, ta dubi Inna ta ce, "Buɗe in gani." Inna ta buɗe. Ta leƙa ta daɗe, ta girgiza kai.

"Wannan ba ƙishin azumi ba ne. Bakin ne ya ƙafe. Na ga irinsa wurin goggona, har hawaye ta rasa." Ta ɗebo man shanu a ɗan ƙoƙo ta miƙo mini. "Ke amarya, in an kira salla ki shafa mata da yatsa, ciki duka."

Aka kira salla. Na durƙusa a gabanta, karo na farko da na kalli fuskarta sosai, na lakato man na sa yatsana a bakinta. Har yau yatsan nan bai manta ba. Babu danshi ko kaɗan, kamar na taɓa cikin tsohuwar jakar fata. Fatar kuncinta tana manne wa yatsana tana biyo shi. Na shafa ko'ina ina kuka. Da man ya ɗan saki harshen sai ta yi magana, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya.

"Shekara huɗu ke nan, Amarya. Ko ɗana bai sani ba."

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"Kunya, Inna."

"Kin ji kunyar tambayata. Ba ki ji kunyar kai ni rafi ba."

Ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba har ta bar duniya. Na gwammace da ta zage ni.

A daren na gaya wa maigidana komai. Bai dake ni ba, bai ma yi mini faɗa ba, ya dai daina kallona na wani lokaci. Da safe ya tafi wurin liman. Liman da kansa ya taso ya zo zaurenmu bayan azahar, lokacin da mata suke cike a gindin ceɗiya, ya ɗaga murya yadda za mu ji daga ciki. Ya ce yawun mutum ba ya karya masa azumi, ko ya haɗiye ko ya tofar. Ya ce kurkure baki ba ya karyawa in ba a haɗiye ba. Ya ce marar lafiya Allah ya ɗauke masa, ya sha ya rama in ya warke. Kowace mace ta dubi tsingaronta. Maza sun san wannan tun suna makarantar allo, ba wanda ya taɓa tunanin ya shigo da shi cikin gida.

Maigidana ya shigo ya tsuguna a gefen tabarmarta. "Inna, kin ji abin da Liman ya ce. Don Allah ki sha ruwa."

Ta daɗe tana haɗa maganar. "A ce wa Liman na gode. In na sha yanzu, cewa za su yi da ma ta saba."

Na je wurin Baraka, na bi gida-gida, na ce ƙarya na yi, ban ga ta haɗiye ba, ciwo ne, a zo a duba. Wasu suka ce Allah sarki. Wasu suka ce dole in faɗi haka tunda miji ya matsa mini. Baraka ta ce ita abin da ta ji ta faɗa, ba ta ƙara ko gishiri ba. Gaskiyarta ne kuwa. Maigidana ya yi zancen kai ta ɗakin magani, Inna ta ce ba inda za ta sai an ga wata.

Ran ashirin da shida na zo kwashe tsingaraye da yamma. Na ɗauki nata na ga tokar ta dunƙule a tsakiya. Ta samu abin tofawa, jini ne. Ta ajiye tsingaron a gaban tabarma, ba a gefe ba, yadda mata za su gani.

Ran ashirin da takwas da hantsi ta tashi za ta yi alwala ta faɗi. Muka ɗauke ta zuwa ɗaki, ba ta fi nauyin damin kara ba. Ta yi nuni da hannu a ɗage asabarin ƙofa. Mata suka taru a bakin ƙofar suka zauna, har da Baraka, ba mai kaɗi. Zafin ranar ya fi na kullum, ko ganye ba ya motsi, hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun azahar har ɗakin ya yi duhu. Na ciro auduga daga kayan kaɗinta, na tsoma a ruwa na kai bakinta. Ta kawar da kai.

Bayan la'asar ta buɗe ido. Ba ta gani sosai, duhun hadarin kuma ya rikita ta. Na kai kunnena bakinta.

"An kira salla?"

Audugar tana hannuna tana ɗiga. Da na ce an kira, da ta buɗe baki. Ba na ce da ta tashi ba, wannan sanin Allah ne, amma da ta tafi da danshi a harshenta. Na waiwaya na ga matan nan a bakin ƙofa, duk suna jin mu. Na tuna abin da ya kwantar da ita, na tuna bakin da ya jawo shi. Ban san ko daidai na yi ba, har yau ban sani ba.

"Ba a kira ba, Inna. Da saura kaɗan."

Ta gyaɗa kai ta rufe ido. Ba ta kai kiran ba.

Tsohuwar ƙauyen gaba ba ta samu zuwa ba, ita ma tana kwance. Aka rasa mai wanka. Liman ya ce a samu mata biyu ya gaya musu yadda za su yi. Ni da Baraka muka shiga. Na sauko da ƙullin nan daga jikin bango, wanda ta ɗaure tun ranar Hansatu, na kwance. Ganyen magaryar ya bushe, na murje shi a ruwa. Liman yana daga waje yana faɗa muna bi. Da muka zo alwala ya ce a naɗe tsumma a yatsa, a jiƙa, a goge mata baki. Baraka ta kasa, ta juya fuska bango. Ni na yi. Na jiƙa tsumman sosai, na goga dama na goga hagu, yadda na ga tana yi a bayan rumbu. Sau uku aka ce, na yi ukun ban yi sauri ba.

Ruwa ya sauka daren Salla, kamar da bakin ƙwarya. Aka sauko daga idi aka wuce gona shuka da kayan Salla a jiki. Shekarar ta yi albarka. Tsingarayen nan na kwashe su duka na zubar a bayan gida, azumin da ya biyo baya ba wadda ta tambaye ni su. Ƙwaryar wankan kuwa a hannuna ta zauna. Na wanke matan ƙauyen nan fiye da shekara arba'in, har da Baraka.

Yanzu ana sayar da ƙanƙara a bakin titi tun la'asar, ruwa a leda yake zuwa, yara ma sun san yawu ba ya karya azumi. Rabi takan ce in riƙa shan ruwana a ɗaki, in saki labule, kada maƙwabta su shigo su ga tsohuwa tana sha da rana. Na ƙi. Nakan sa a fito mini da tabarma tsakar gida, in ajiye gorar a gabana, in sha a fili. Shekaranjiya wata amaryar maƙwabta ta shigo aron turmi, ta gan ni da gora a baki, ta yi sauri ta sunkuyar da kai za ta fita. Na kira ta.

"Zo nan, 'yata. Ajiye turmin. Zo ki duba bakina tukuna, sannan ki tafi."